Zanen Aro da Katarar Hausa: Ra'ayina Kan Gina Shafin Intanet da Samfura

Kafin in ce komai, ya kamata mai karatu ya san da wa yake magana. Ni Bayarabe ne, a Shagamu aka haife ni, kuma Hausar da na fara ji ta cinikin goro ce, daga bakin abokan cinikin mahaifiyata na unguwar Sabo. Sai da na shigo jami'a na gane cewa iya taya ƙwaryar goro daban, iya rubuta Hausa kuma daban. Saboda haka idan an ga tuntuɓen alƙalami a wannan rubutu, a yi mini afuwa, har yanzu ɗan koyo ne ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata muhawara da ta tashi a taron ƙungiyarmu a zangon karatun da ya wuce, lokacin da aka kawo maganar sabunta gidan yanar sadarwarmu. Na ba da shawarar a rushe tsofaffin shafukan, a sake gina su ta hanyar haɗa samfura. Nan take wani ɗan uwa, wanda nake girmamawa ƙwarai, ya miƙe ya ce shi bai ga abin yabo ba a wannan aiki, domin a ganinsa lalaci ne kawai, mutum ya ɗauko aikin wasu ya liƙa nan ya liƙa can sannan ya ce ya yi gini. Ya rufe da cewa zanen aro ba ya rufe katara. Jama'a suka yi dariya, ni kuwa bakina ya mutu, domin idan muhawara ta yi zafi Hausata takan gudu ta bar ni. To, yanzu na samu natsuwa, ga amsata.

Da farko, mene ne samfuri? Duk shafin da mai karatu ya buɗe a intanet, idan ya lura da kyau zai ga ya kasu kashi-kashi. Akwai kan shafi, inda suna da tambari suke, tare da jerin rariyoyin liƙau da ke kai mutum sauran shafuka. Akwai cikin shafi, inda labari ko maƙala take. Wani lokaci akwai gefe, sannan akwai gindin shafi, inda akan sa adireshi da ɗan bayanin masu gidan. Idan ka tashi daga wannan shafi ka koma wancan, cikin ne kaɗai yake sauyawa, sauran suna nan yadda suke. To samfuri shi ne ka rubuta kowane ɗayan waɗannan sassa sau ɗaya tak, ka ajiye shi a jakarsa, sannan duk shafin da yake bukatarsa ya kira shi. Kamar dai mai buga bulo ne, ba ya sassaƙa sabon akwatin bugu don kowane bulo.

Ban koyi wannan a littafi ba, kunya ce ta koya mini. Ina aji biyu aka ɗora mini aikin gidan yanar ƙungiya, ba don na fi kowa sani ba, sai don ina da tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mini. Na koyi ɗan abin da ya samu na HTML, wato yaren da ake rubuta shafuka da shi, na gina shafin farko, ya yi kyau a idona. Da na tashi yin na biyu sai na kwafi na farko gaba ɗaya, na share cikin na zuba sabon labari. Haka na yi ta yi har shafuka suka haura talatin. A gindin kowanne akwai jimlar da ke faɗin dalilin samar da ƙungiyar. Mai karatu ya san halin ɗan koyo: tun da aka tsorata mu da cewa barin lanƙwasa a kan harafi babban laifi ne, sai na koma ina lanƙwasa duk "k" ɗin da na yi shakkarta. Maimakon in rubuta "An kafa wannan ƙungiya", sai na rubuta "An ƙafa wannan ƙungiya". Wata rana Malam ya tsayar da ni a bakin ofishinsa, fuskarsa ba dariya, ya ce, "Ɗana, ita wannan ƙungiya taku ƙafa nawa gare ta?" Ban gane ba sai da ya nuna mini a wayarsa.

Daren nan ban yi barci ba. Na riƙa buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya ina gyara harafi guda, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, na manta inda na tsaya. Bayan wata biyu wata ɗalibar aji ɗaya ta zo ta ce mini ta ga ƙafar nan a shafin tarihin ƙungiya. Ashe uku sun tsere mini. Da a ce gindin shafin samfuri ne guda, da gyaran bai wuce minti ɗaya ba, kuma da babu shafin da zai tsere.

Wannan matsala ba da ni ta fara ba. Tun bayan da Tim Berners-Lee ya fito da gidan yanar sadarwa na farko a cibiyar bincike ta CERN a 1991, masu gina shafuka suka fara gajiya da kwafe-kwafe. Tun cikin shekarun 1990 aka samar da dabarar da za ka sa layi ɗaya a shafi, ita kuma uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da gidan yanar, ta ɗauko wata jakar ta zuba a wurin kafin ta miƙa wa mai karatu. Yaren PHP da Rasmus Lerdorf ya saki a 1995 ya ƙara sauƙaƙa wannan. A ƙarshen 1996 aka amince da CSS, wanda ya raba ado da rubutu, ta yadda launi da girman haruffa na dukkan shafuka za su zauna a wuri ɗaya. Manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ta zo da tsarin rigunan shafi a 2005, inda kai da gefe da gindi kowanne ke da jakarsa. A yau kimanin huɗu cikin kowane goma na gidajen yanar duniya a kanta suke. Ashe ke nan idan haɗa samfura lalaci ne, malalatan suna da yawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin Django, da aka saki a 2005. An haife shi ne a ofishin wata jarida, Lawrence Journal-World, a jihar Kansas ta Amurka, wurin mutanen da dole su fitar da labari kafin lokaci ya ƙure musu. A tsarinsu akwai abin da za a iya kira gadon samfuri. Za ka gina uban samfuri guda mai ɗauke da duk ƙashin bayan shafi, ka bar gurabe a cikinsa, kowane gurbi da sunansa. Sai ɗan samfuri ya ce shi ɗan wane ne, ya cike gurbin da ya shafe shi kawai, sauran ya gada daga ubansa. Shi ma ɗan yana iya haihuwar nasa. Alal misali, uban ya tsara gidan yanar sashe baki ɗaya, ɗan ya tsara ɓangaren mujalla, jikan kuma ya tsara yadda waƙa za ta fito da baitocinta, dabam da yadda maƙala take fitowa. Ranar da aka sauya tambari a wurin uban, 'ya'ya da jikoki duk sun sauya.

Yanzu bari in dawo gida, domin abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce ɗalibin Hausa ne yake ƙyamar wannan dabara. Wace tatsuniya ce take farawa ba da "Ga ta nan, ga ta nanku" ba? Wace ce take ƙarewa ba tare da ƙurunƙus ba? Kai da gindi ke nan, kowace kaka da su take amfani, kuma ban taɓa jin an ce wata kaka malalaciya ce don ba ta ƙirƙiro nata mabuɗin ba. Gwanintarta tana cikin abin da ta zuba a tsakiya. A darasin nazarin waƙa an koya mana mabuɗi da marufi, yadda marubutan waƙoƙi da dama suke buɗewa da sunan Allah da salati, su rufe da addu'a. Ita ma wasiƙa haka take: bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, sannan a shiga zance. Wannan maimaici shi ne yake sa mai sauraro ya san inda yake, ya saki jiki. Haka mai karatun shafi yake so ya tarar da ƙofofi a inda ya bar su jiya.

Maganar aro kuma, aro da izinin mai kaya ai ba sata ba ne. WordPress tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar ɗauka, ya gyara, ya kuma raba wa wasu bisa sharaɗin su ma su samu irin wannan dama. Masu kayan ne da kansu suka ce a ɗauka. Wanda ya cancanci zargi shi ne mai zuwa lungunan intanet ya sauko da samfurin sayarwa da aka fasa, domin sau da yawa irin waɗannan sukan zo da mugun abu a ɓoye cikinsu, kuma sai gida ya kama da wuta ake sani.

Amma fa ba zan zalunci ɗan uwana ba. Karin maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta inda ya nufa ba. Zanen aro yakan bar katara a waje, kuma katarar da yake bari a waje ita ce Hausa. Wannan shi ne ainihin abin da ya dame ni.

Kusan duk samfurin da muke samu, an ɗinka shi ne a jikin Ingilishi. Ka rubuta maƙala mai daɗi da Hausa tsantsa, ka ɗora, sai ka ga a samanta an rubuta "Posted by", a ƙasanta "Read more", kwanan wata kuma da sunan watan Turanci. Waɗannan kalmomi ba kai ka rubuta su ba, a cikin samfurin suke, kuma saboda samfuri ne, suna kan kowane shafi. Gida ne da aka ƙawata ɗakunansa da kayan Hausa, amma duk allunan da ke ƙofofinsa da Turanci.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan maganar haruffa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y, duk suna da gurbinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990. Don haka wanda ya ce kwamfuta ba ta san su ba, bai faɗi daidai ba. Matsalar ita ce yawancin samfura suna zuwa da nau'in haruffan ado da mai zanensu bai zana waɗannan ba. Sai ka ga kalmar "ƙasa" ta fito da ɗan akwati a farkonta, ko kuma kwamfutar ta aro harafin daga wani nau'in, ya fito ya fi 'yan uwansa girma ko ƙanƙanta, kamar haƙorin Makka a bakin talaka. Daga nan sai masu rubutu su gaji, su daina lanƙwasawa gaba ɗaya, a wayi gari "baƙi" da "baki" sun zama abu ɗaya, "ɓari" da "bari" ma haka. Alhali maganin layi ɗaya ne a cikin samfuri: a zaɓi nau'in haruffan da ya san da mu, irin su Noto na kamfanin Google, ko Charis da Andika na ƙungiyar SIL, waɗanda duk kyauta ne. Wannan ciwo na san shi tun daga gida, domin mu ma Yarabawa haka muke fama da ɗigon ƙarƙashin harafi da alamomin karin sauti.

Akwai wani ƙaramin abu da sai mai rubuta Hausa zai lura da shi. WordPress takan gyara alamomin zance da kanta don su yi kyau. Idan ta ga alamar ɗauri a farkon kalma, sai ta ɗauka buɗe zance aka yi, ta juya ta baibai. Ingilishi bai cika damuwa da wannan ba, amma mu da muke da 'ya'ya da 'yan makaranta da 'yanci a kusan kowane sakin layi, abin yana ɓata mana rubutu. Haka kuma a can saman kowane shafi akwai wata alama da mai karatu ba ya gani, wadda take faɗa wa na'ura da wane harshe aka yi rubutun. Lambar Hausa "ha" ce, amma samfura da dama sukan zo da "en" ta Ingilishi a rubuce, ba wanda ya taɓa. Manhajojin da suke karanta wa makafi shafi da murya da wannan alama suke aiki. Ga kuma tsawon kalmomi: maɓallin da aka auna don haruffa huɗun Turanci ba zai ɗauki "Babban shafi" ba sai ya karye gida biyu. Ban ma taɓo ajami ba, wanda yake tafiya daga dama zuwa hagu, kuma yake bukatar a gaya wa samfurin haka kafin ya jera shi daidai.

Duk waɗannan, mai karatu, babu ko ɗaya da za a gyara shi a cikin maƙala. A cikin samfuri ake gyara su, kuma idan an gyara sau ɗaya an gama. Ma'ana, abin da ɗan uwana yake ƙi, shi ne maganin abin da yake tsoro. Zanen da bai kai ba, kai shi wurin tela ake yi a ƙara masa ƙyalle. A WordPress ma an tanadi hanyar yin haka ba tare da an taɓa asalin ba: sai ka ƙirƙiri ɗan samfuri a ƙarƙashin wanda ka aro, ka zuba gyare-gyarenka a ciki. Idan masu asalin suka sabunta nasu, naka yana nan. Wanda ya yi gyara kai tsaye a jikin uban kuwa, ranar sabuntawa zai tarar an share masa aikinsa.

Wanda yake son ganin ƙarfin wannan abu da idonsa, ya leƙa Wikipedia ta Hausa. Dubban maƙalu a can suna ɗauke da wani akwatin bayani a gefe, wanda ake kira da kalma ɗaya, Databox. Shi akwatin ba ya riƙe bayani, yana ɗebo shi ne daga rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012. Idan a rumbun babu sunan abu da Hausa, sai na Turanci ya fito a tsakiyar maƙalar Hausa. Amma idan mutum ɗaya ya je can ya rubuta sunan da Hausa, duk maƙalun da suka ambaci abin a akwatinsu za su gyaru. Ga harshen da masu yi masa aiki a intanet ba su da yawa idan aka kwatanta da masu magana da shi, ina ganin babu wata riba da ta kai wannan.

Ba na ɓoye haɗarin. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma kuskuren da ya shiga samfuri ya shiga ko'ina. Da a ce ƙafata tana cikin samfurin da ɗaruruwan shafuka suke kira, da ɗaruruwan ne za su yi ɗingishi rana ɗaya. Shi ya sa a Wikipedia akan kulle samfuran da aka fi amfani da su, ba kowa ke iya taɓa su ba. Haka nan idan samfuri yana kiran samfuri, shi ma yana kiran wani, har abin ya yi zurfi, sai a kai inda ba wanda ya san daga ina wata kalma take fitowa. Na taɓa ɓata yini guda ina neman wata jimla a jakunkuna shida. Akwai kuma masu tara samfura kamar kayan lefe, wannan mai hotuna masu yawo, wancan mai rubutu mai walƙiya, har shafi ya yi nauyi ya cinye datar ɗalibi kafin ya buɗe. Gidan yanar ƙungiya irin tamu bai fi ƙarfin samfura biyar ko shida ba: uba guda, kai, gindi, na maƙala, na waƙa, na sanarwa. Kowanne a rubuta aikinsa a samansa, da Hausa, domin wanda zai gaji aikin idan mun gama.

Wani zai ce wannan ai aikin 'yan sashen kwamfuta ne, mu ina ruwanmu. Nan ne na fi saɓa wa mutane. Ɗan kwamfuta zai haɗa maka samfura cikin awa guda, amma ba shi zai yanke hukunci tsakanin "Nema" da "Bincika" ba. Ba shi ya san cewa idan ka rubuta "Shiga" ka tsira daga zaɓar jinsi, amma idan ka rubuta "Ka shiga" ka bar rabin masu karatu a waje ba. Ba shi ya san ko Fabrairu za a rubuta ko Faburairu ba. Kalmomin da ke jikin samfuri ba su da yawa, amma su ne aka fi gani, domin maƙala mutum sau ɗaya yake karanta ta, su kuwa kullum yana cin karo da su. Idan ba mu zauna a kansu ba, za a jefa su cikin injin fassara ne, a kwaso duk abin da ya fito a liƙa mana.

Don haka shawarata ga ƙungiya ita ce a kafa, ba a ƙafa ba, ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, da mai Hausar nono da mai Hausar koyo irina, domin mu mun fi sanin inda baƙo yake ɓacewa. Su jera duk kalmomin da ke cikin samfuran, su hausantar da su, su kai wa malamanmu su duba. Idan an gama a ajiye jerin da samfuran a inda kowace ƙungiyar Hausa ta kowace makaranta za ta iya ɗauka kyauta. Maƙwabtanmu na ɓangaren Yarabanci da na Ibo ma suna iya ɗaukar uban samfurin su sauya kalmomin, tunda ciwon haruffa ɗaya muke da shi.

Ni dai na riga na fara jerin a bayan littafin darasina, kuma tun a kalmar farko na maƙale. Shafin da baƙo yake fara sauka, wasu suna cewa "Gida", amma ai duk wurin gida ne. Wikipedia ta ce "Babban shafi". Ni na fi son "Zaure", domin nan ne baƙo yake yin sallama kafin a ce ya shigo. Da na faɗa wa ɗan uwan nan nawa mai zanen aro, sai ya ce a garinsu soro ake cewa, kuma ba zai yarda ba sai an kaɗa ƙuri'a. Mun yi da shi zai zo taron ranar Laraba da ƙamusunsa guda biyu.